Lissafin da Ya Ƙi Rabuwa

Shekaranjiya maƙwabciyata ta juye wake a kwanon silba, ƙarar ta tsallako katanga ta same ni ina wanke-wanke, sai na tsinci kaina a tsaye da kumfa a hannu, gabana yana faɗuwa. Wake ne fa kawai, ina jin ma na alale ne. Amma kowa yana da ƙarar da kunnensa ba ya mantawa, ni kuwa tawa ke nan: busassun ƙwayoyi suna zuba a kan ƙarfe, shaa, sannan tsit. In kana da haƙuri zan gaya maka inda na samo wannan tsoron. Na san a ƙarshe za ka ce ai lissafi ne kawai. Ni ma haka nake cewa idan akwai mutane a kusa.

A Limawa na tashi, cikin Jimeta, a gidan kakata ta wajen uba, wadda duk layin ke kira Dada, har waɗanda suka girme ta. Kakanninta fatake ne da suka gangaro daga arewa, suka ga kogi suka sauke kaya. Gajeruwa ce, mai faɗa, mai son a yi komai yadda ta tarar ana yi. Idan ka share tsakar gida daga ƙofa zuwa ciki sai ka sake, ko da ƙasa ta yi fes. A gidan akwai mahaifina, mai gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa, mutum mai sanyin magana wanda kullum hannunsa ke warin man keke. Akwai Inna, mahaifiyata. Akwai kuma Bappa, ƙanin mahaifina, da matarsa. Ƙanwarsu, Goggo, tana aure a Mubi, tana da yaro ɗaya da bai daɗe da fara makaranta ba.

A ɗakin Dada, a jikin ƙusa sama da gadonta, akwai wata jakar fata da ta gada wajen tata uwar. 'Ya'yan tsamiya ne a ciki, guda dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu, adadin wani salati da ake ja idan ƙunci ya kai maƙura. Hannaye sun goge su shekara da shekaru har sun yi baƙi wuluk suna sheƙi. Kafin shekarar da zan ba ka labari, sau biyu kawai na ga an sauke jakar: ranar da haihuwa ta gardama wa wata maƙwabciya, da shekarar da kogi ya hau har ana ɗaure kaya a saman rufi. Saboda haka mu yara mun san duk ranar da aka sauke ta, to ba lafiya ba.

Dada tana da doka a kan jakarta. Ba ta yarda wata ta ɗauki nauyin da ya fi na 'yar'uwarta, ko da ƙwaya ɗaya ce. Ba ta yi boko ba, amma ta san halin adadin nan yadda uwa ta san halin ɗanta. Takan ce shi mai dangi ne, kuma ya san danginsa: yana yarda da mutum biyu, da huɗu, da sha ɗaya, da ashirin da biyu, da arba'in da huɗu, sai ɗari da ɗaya ga wanda tsakar gidansa za ta ɗauka. Bai san uku ba, bai san biyar ba, goma kuwa ko gaisawa ba sa yi. A gidanmu sha ɗaya aka fi yi. Idan mata sha biyu suka zo, ɗaya ta koma gindin murhu ta dama kunu. Idan goma ne, sai an nemo ta cikon. Za a zauna a da'ira, ta juye jakar a babban kwanon silba, ta riƙa zagayawa tana zuba wa kowa huɗu-huɗu a gabanta. Rabon kansa yakan ci lokaci mai tsawo. Huɗun ƙarshe a gaban ta ƙarshe suke sauka, kwano ya zama wayam, kowa ta tashi da ɗari huɗu da huɗu. Da haka take sanin jakarta cike take ba tare da ta ƙirga ba.

Shekarar da abin ya matso mu, damina ta ɗauke ke nan, dawa ta yi kai ba a kai ga yanka ba. An daɗe ana jin garuruwan arewa da mu suna faɗawa hannun mutanen dajin nan ɗaya bayan ɗaya. Dada ba ta taɓa kiran sunansu ba, “yaran nan” kawai take cewa, tana tofarwa gefe. Mijin Goggo ya yi tafiya, ita kaɗai ce da yaro a Mubi. Dada ta hana mahaifina sakat sai ya je ya taho da su. Ya rufe shago, ya shiga mota, ya ce gobe war haka suna gida. Washegari da hantsi labari ya iso cewa an shiga Mubi. Aka kira wayarsa, aka kira ta Goggo, babu wadda ta shiga.

Ba zan iya kwatanta maka Jimeta ta wancan makon ba sai dai in kamanta. Mutane suna shigowa ta gada da ƙafafu a kumbure, wasu da katifa a kai, wasu da yaran da ba nasu ba. Masallatai da majami'u da barandar shaguna duk sun cika. Amma abin da na fi tunawa shi ne shiru. Gari mai hayaniya irin namu, sai ya zama idan la'asar ta yi kana jin kukan kurciya daga layi na uku. Jirgin yaƙi ya wuce ta sama, kowa ya ɗaga kai, sannan shirun ya dawo ya fi na da. Bappa yakan wuni a bakin gada yana duba fuskoki, ya dawo shi kaɗai.

Dada ta sauke jaka. Mata goma suka samu, domin wasu maƙwabtan sun riga sun kwashe yara sun yi kudu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ina da shekara goma sha biyu a lokacin, ta ce, “Je ki yi alwala. Ubanki ne.” Haka na zama ta sha ɗaya, kuma tun da ni ce ƙarama, ni ce a ƙarshen da'ira. Ba zan ɓoye maka ba, har da ɗan alfahari a raina, ina zaune kafaɗa da kafaɗa da manyan mata. Zama na farko huɗun ƙarshe suka sauka a gabana, kwano ya zama wayam. Zama na biyu ma haka. Riƙe wannan da kyau: mahaifina ya riga ya tafi, kuma sau biyu jakar ta fito a cike.

Zama na uku ranar Juma'a ne bayan la'asar. Zafin nan na Yola da ke sa bango ya riƙa huci, ko ganyen mangwaro ba ya motsi. Dada tana zagayawa, ba abin da kake ji sai ƙwas-ƙwas na ƙwayoyi da numfashinta. Ta zo zagaye na ƙarshe, ta ba ta takwas, ta ba ta tara, ta ba ta goma. Ta sa hannu a kwano domin ni. Na ji farcenta yana kankarar ƙarfe, ta laluba, ta sake lalubawa. Sannan ta buɗe tafinta a gabana, ƙwaya ɗaya ce tal a ciki.

Kowa a da'irar nan ta san mutum nawa muke jira, kuma kowa ta iya cire ɗaya daga huɗu. Matar Bappa ce ta yi ƙarfin halin cewa ƙila an yi kuskure a rabo. Aka tattara aka sake, ya sake ƙarewa da ɗaya a gabana. Aka ɗaga tabarmi, aka karkaɗe zannuwa, aka share gidan tas aka tankaɗe sharar da rariya, aka zira hannu a magudanar ruwa, aka juye aljihun duk yaron da ya shigo gidan a makon. Har kazar Dada sai da ta sha harara. Uku ɗin nan ko sama ko ƙasa.

Bappa dama bai taɓa son harkar jakar ba, yana ganin ƙari ne a addini, kunyar uwarsa kawai ke rufe masa baki. Ran nan ya kasa haƙuri. Ya ce Allah ba ya bukatar 'ya'yan tsamiya kafin ya ji kukan bawansa, in kuma dole ne, ga tsamiya nan a madafi, a ɓare uku a cike. Dada ta yi masa kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba.

“In cike gurbinsu da baƙi? Tun yanzu?”

Ta ce ukun da suka ɓata masu su za su zo su ja da bakinsu, mu kuwa za mu ja abin da ya rage, amma a raba daidai kamar kullum. A nan ne wahala ta fara. Washegari ta zaunar da mu goma, aka raba ɗaya-ɗaya, ya yi saura. Ta gwada tara, ya yi saura. Ta gwada bakwai. Ta aika a kira mata daga cikin 'yan gudun hijira da ke kwana a makarantar bayanmu, aka gwada sha uku, aka gwada sha bakwai. Kowane rabo sai ya cinye rabin wuni, kuma kowane ya ƙare da 'yan ƙwayoyi a gindin kwano waɗanda ba su isa zagaye ba. Mata suka fara zuwa da fargaba, wasu suka daina zuwa. Wata tsohuwa daga cikin baƙin ta tashi tsam a tsakiyar rabo ta ɗauki takalmanta, ta ce ita ba ta ƙara zama a gaban abin da ke ƙin mutane.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata malamar makaranta, Kirista daga wajen Numan, wadda muke kira Anti. Lissafi take koyarwa. Ita da Dada suna faɗa a kan ruwan wanki kusan kullum, suna kuma aika wa juna abincin sallah da na Kirsimeti ba fashi. Ta ji kwana da kwanaki ana juye abu a kwano, ta shigo ta tambaya. Da aka gaya mata, ta ce a ƙirga mata abin da ke cikin jakar tsaf. Muka ƙirga goma-goma, ya tashi dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da ɗaya. Ta ciro alli a jakarta ta tsuguna a kan simintin baranda.

Ina tsugune kusa da ita ina kallo. Ta raba da uku, ta ja layi. Ta raba da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, tana tsallake wasu tana cewa in ƙaraminsu bai shiga ba su ma ba za su shiga ba. Alli yana ƙara a kan siminti, farin rubutu yana tafiya yana cin baranda har ya kai ƙofar ɗakin Dada. A kan talatin da bakwai ta ɗan dakata, saura ɗaya tak ya hana. Ta ci gaba har ta wuce sittin, sannan ta ajiye allin. Na ce mata ai akwai sauran lambobi da yawa a gaba. Ta ce babu amfani, domin duk babban da zai raba shi dole ya zo da ƙaramin abokinsa, ƙananan kuwa ga su nan duk ta tambaye su sun ce ba su san shi ba. Ta goge hannunta a zani, ta juya wajen Dada, kuma na lura muryarta ta yi ƙasa.

“Dada, wannan adadi ba ya da ɗan'uwa. Ko kin tara dukan Jimeta ba zai rabu ba. Sai dai mutum dubu huɗu da wani abu kowa ya ɗauki ɗaya, ko kuma mutum ɗaya ya ɗauka duka.”

Dada ta daɗe tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa ba. Can ta ce, “To, ni ce ɗayan. Ni na aike shi.” Ta ja kwanon ta shige ɗaki.

Daga ranar ta sallami kowa. Ita kaɗai take zama a kan buzunta, kwano cike a dama, kwano wayam a hagu. Ta ja salati, ta jefa ƙwaya. Abin da mata sha ɗaya ke gamawa tsakanin la'asar da magariba, ita sai ta kwana biyu ko uku a kansa. Idan ta kai ta ƙarshe sai ta yi shiru na ɗan lokaci, daidai tsawon salati uku, tana kallon ƙofa, sannan ta juye ta sake farawa. Wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro. Duk inda nake a gidan ina jin faɗuwar ƙwayar nan, ƙwas, can kuma ƙwas, sai in ji ta tsaya, sai in ga Inna ma ta tsaya da muciya a hannu, mu duka muna kallon zaure. Babu mai shigowa sai iska mai zafi.

Ta daina cin abincin kirki, sai kunu da ƙyar. Muryarta ta dishe har ta koma motsin leɓe. Matar da ke iya ɗaga murya a ji ta a bakin titi, ga ta tana dafa bango kafin ta kai bayi. Inna ta roƙe ta ta bari mu taya ta, ko da rabon bai zo daidai ba, ta yi kamar da bango ake magana. Bappa ya kawo mai allura, ta kore shi. Anti ta shigo ta zauna a ƙofar ɗakin tana share hawaye, tana cewa da ta sani da ta yi shiru da bakinta. A fili yake ga kowa cewa in babu wanda ya dawo, jakar nan za ta kai Dada kabari. Na tsani 'ya'yan tsamiyar nan a lokacin, na tsani lissafin Anti, har Dada na ji haushi, domin mun rasa uba ga shi tana nema ta ƙara mana da kaka.

Wata safiya, bayan makonni, wata mata ta yi sallama a zaure da muryar da ba mu gane ba. Goggo ce, ta rame ta yi baƙi, ƙafafunta a naɗe da tsumma, yaronta a bayanta ko da yake ya wuce goyo. Ta Kamaru suka ɓulla, daga can aka kwaso su a babbar mota. Gidan ya kaure da kuka da hamdala. Dada ta fito tana dafa bango, ta shafa fuskar 'yarta, ta shafa kan jikanta, sannan ta leƙa bayansu. Babu kowa a bayansu.

Sai da Goggo ta sha ruwa ta huta sannan ta iya ba da labari. Su uku suka fita daga garin da ƙafa tare da jama'a, suka nufi duwatsu. Suka rabu da sauran mutane, ruwansu ya ƙare, yaro yana ta kukan ƙishirwa har muryarsa ta ɗauke. Suka ɓuya a cikin wata gonar dawa. Mahaifina ya sa hannu a aljihu ya fito da 'ya'yan tsamiya uku, ya ba ta ɗaya, ya ba yaro ɗaya, ya jefa ɗaya a bakinsa, ya ce su riƙa tsotsa yawu zai taru. Sannan ya ɗauki gora ya ce zai duba wani kwari da suka hango ko akwai ruwa, kada su motsa. Suka jira har rana ta faɗi, suka jira har ta sake fitowa. Sun ji ƙarar babura daga nesa, ba su ji harbi ba. Wasu masu gudu ne suka bi ta gonar suka tafi da su.

Inna ce ta tambaye ta wace rana ce. Goggo ta ce ba za ta manta ba, domin shi da kansa ya ce yau ga Juma'a ta wuce su a daji, ya yi taimama ya yi la'asar kafin ya ba su. Sannan ta kwance bakin zaninta. Ta ce ta kasa yar da su, tun da su ne abu na ƙarshe da ya miƙa mata. Ƙwayoyi biyu ne, baƙaƙe wuluk, suna sheƙi.

Na sha juya wannan a raina, kuma ina da amsoshi. Tsamiya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, kowa yana iya samun 'ya'yanta a aljihu. Abin da aka tsotsa kwana da kwanaki aka ƙulle a zani dole ya yi santsi. Ukunmu kuwa ƙila suna cikin cikin kaza ko wani ramin tururuwa. Duk na yarda. Amma ni na riƙe ƙwayoyin nan biyu a tafina, na kuma riƙe na jakar sau ɗaruruwa, kuma hannuna bai ga bambanci ba. Dada ko tambaya ba ta yi ba. Ta karɓa, ta sa Goggo ta ja salati ɗaya, ta biya wa yaron ya ja ɗaya, ta jefa su a kwano.

Aka kira Anti da allinta. Yanzu dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da uku ne. Ba ta daɗe a tsugune ba ta ce yana rabuwa uku, kowa dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin da ɗaya. Ta ci gaba da gwadawa ko akwai wani, ta cika rabin baranda, ta ɗago ta ce babu, uku ne kaɗai, ba huɗu ba, ba sha ɗaya ba. Tana faɗa tana kallonmu, sai na ga ta yi saurin kawar da kai. Mu uku ne a tsaye a gabanta: uwar mahaifina, da matarsa, da 'yarsa.

Abin da ya ceci ran Dada ke nan. Ta yarda ta sauke kashi biyu, ta koma cin abinci, faɗanta ya dawo, har muka yi murna ranar da ta sake zagin mai shara. Mu uku muka ci gaba da ja, a hankali, muna gamawa cikin mako, kuma kullum mu tsaya a ƙarshe tsawon salati ɗaya muna kallon ƙofa. Aka ƙwato Mubi, mutane suka koma. Bappa ya je har gonar dawar da Goggo ta kwatanta, ya bi kwarin, ya tambayi ƙauyuka, ya duba sansanoni da asibitoci. Babu gawa, babu takalmi, babu wanda ya gan shi. Dattawan unguwa suka zo suka ce a yi haƙuri a karɓi gaisuwa. Dada ta ce ba ta karɓar gaisuwar wanda ake bin sa salati ɗaya.

Ta rayu shekaru bayan haka, ta rasu a kan gadonta da damina, ba ta cike jakar ba. Muka rage ni da Inna. Ba sai an kira Anti ba a wannan karon, ko yaro ya san lambar mara ba ta rabuwa biyu. Duk shekara idan dawa ta yi kai sai mu sauke jakar mu raba ɗaya-ɗaya, ni da ita, kuma kullum ƙwaya ɗaya ta rage a gindin kwano. Babu mai ɗauka a cikinmu. Haka za ta zauna a tsakiyar tabarma har mu gama, ga wadda ta yi saura, ga kuma gurbin wadda ba ta dawo ba. Inna ba ta yi wani auren ba, ba ta yi takaba ba, ba ta bari a taɓa akwatin kayan aikinsa ba. In an tambaye ta sai ta ce ya yi tafiya.

Bara ne, ana saura kaɗan a kai ni ɗakina a unguwar Karewa, ta kira ni bayan la'asar. Ta shimfiɗa tabarma, ta sauke jakar ko da yake lokacinta bai yi ba. Sannan ta buɗe hannunta. Ƙwayar tsamiya ce sabuwa, jaja-jaja, da ɗan ɓawo a jikinta, daga wadda ta jiƙa da safe.

“Ba zan iya zama da adadin nan ni kaɗai ba, kin ga abin da ya yi wa Dada,” in ji ta. “Ni kuma hannuna ya ƙi. Ke ce jininsa.”

Na daɗe riƙe da ita. Na so in ce mu ƙara shekara ɗaya. Amma na dubi Inna, na ga furfurar da ta fito mata a wannan jiran, na ja salatin da ake bin mahaifina da bakina, na jefa. Muka raba. Ta ƙarshe ta sauka a gabana, na sa hannu a kwano na laluba, babu komai. Inna ta dubi kwanon nan wayam, sai ta fashe da kukan da ban taɓa jin irinsa ba, kukan da ta riƙe tun ina 'yar sha biyu. Maƙwabta suka shigo da gudu. Anti, da sandarta yanzu, ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi tabarma, ba ta tambayi komai ba, ta ce Allah ya ji ƙansa. Ita ce ta fara yi mana gaisuwa.

Yau Limawa ta canza. Tsakar gidan da ta ɗauki mata sha ɗaya an yanka ta an yi ɗakunan haya. Mata sun koma ɗan ƙaramin carbin nan na yatsa mai maɓalli, kowa tana latsa nata a ɗakinta, ko dubu nawa ne, ba ta bukatar maƙwabciya, kuma ba ya taɓa yin gibi balle ya gaya maka abin da ba ka so ka ji. Ban ce laifi ba ne, ni ma ina da shi. Ina koyar da lissafi a wata makaranta yanzu, kuma duk shekara nakan zo kan darasin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Yara ba sa son su, sun fi son wadda za ta rabu tas babu saura, su ja layi biyu a ƙasa su ɗaga hannu suna murna. Nakan duba in ce daidai ne, in ba su maki. Ban taɓa gaya musu ba cewa ranar da tamu ta rabu babu saura, ranar ce na zama marainiya.